Rawanin Baba da Liyafar Kyaftin

Kuwait, 2 ga Disamba

Zuwa ga yayata Ni'imat,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kina lafiya, ke da Baba da duk mai tambayata a Isna. Yaya gwiwar Baba da wannan sanyi? Ki sa ido ya riƙa shafa man da na aiko, kada ya rabar wa maƙwabta kamar na bara. Ni lafiya lau, sai ciwon bayan da kika sani da aikin da ba ya ƙarewa.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Dakta Wajdi, mahaifin Hazim, yaron nan na Alƙahira da ke neman 'yata Rihab, ya kira ni a waya. Ya ce kafin a karanta Fatihar baiko yana so gidajen biyu su san juna sosai, ba zaman falo na shan shayi a tashi ba. Don haka ya kama ɗakuna a ɗaya daga cikin manyan jiragen nan na masu yawon buɗe ido, daga Luksor zuwa Aswan, a hutun tsakiyar shekara. Ke da Baba da Rihab, shi da matarsa da ɗansa. Jiragen da muka tashi muna ɗaga wa hannu daga bakin gonar rake, yau ga shi ku za ku shiga. Ni kam kamfani ya hana ni hutu sai an gama ginin da muke kai. Na roƙa har bakina ya bushe.

Na tambayi Dakta tsarin tafiyar. Da rana kowa ya sa abin da ya ga dama. Amma akwai dare biyu na musamman. Ɗaya suna kiransa daren jallabiya, kowa a jirgin zai sa jallabiya, wannan ba mu da matsala da shi. Ɗayan kuwa shi ne daren ƙarshe, liyafar kyaftin, inda maza ke sa kwat da laktaye. A teburin nan ne Dakta yake so a karanta Fatiha a ɗauki hoto.

Yaya, na san Baba bai taɓa sa wando da kwat ba tun da aka haife shi. Amma dare ɗaya ne. Na ba Mahrus direba yadi mai kyau ruwan toka, zai iso muku kafin wannan takarda ko bayanta kaɗan. A kai wa tela. A saya masa baƙin takalmi da farar shat. Kuma ki lallaɓa shi ya ajiye rawani a ɗaki a wannan daren, don ba a sa rawani a kan kwat. Ke kin san hanyarsa, ni in na faɗa faɗa za mu yi. Yarinyar nan ba ta da uwa, ke kika raine ta, kin fi ni sanin yadda take son yaron. Don Allah kada a ba mu kunya a gaban mutanen Alƙahira.

Ki sumbaci hannun Baba a madadina.

Ƙanenki,
Safwat


Isna, 17 ga Disamba

Safwat,

Wa alaikas salam. Muna lafiya. Gwiwar Baba da sauƙi, man kuwa rabinsa yana gidan Umm Sabri, ka san hali. An fara saran rake, hayaƙin masana'antar sukari ya cika gari, yaran ajina rabi suna gona rabi suna barci a kan benci. Yadi ya iso, yana da kyau, ban ƙi ba.

Yanzu ka gyara zama. Takardarka ta iso ina makaranta. Mai kawo wasiƙa ya miƙa wa Baba a ƙofar gida, Baba ya ga kan sarkin Kuwait, ka san ba ya iya jira in daga gare ka ne. Idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, sai ya ɗauki sandarsa ya nufi shagon Shahata mai aski. Shahatan da bai taɓa karanta ko takardar magani a zuci ba! Ya karanta masa ita tiryan-tiryan a gaban duk masu jiran aski, har da inda ka ce in lallaɓa shi, har da layinka na ƙarshe na kunya. An ce da ya zo wurin ya yi tari ya so ya tsallake, Baba ya ce masa ya karanta abin da aka rubuta.

Na dawo na tarar da ita a ninke a kan tirena. Na jira tsawa, ba ta zo ba. Ya ci abincinsa, ya sha shayinsa, ya tambaye ni ko an ba tantabaru ruwa. Washegari da kansa ya ɗauki yadin ya kai wa telansa Usta Jirjis, ni ina biye da shi kamar jela. Jirjis ya juya yadin ya sake juyawa, ya tambaya wane ango za a ɗinka wa. Da ya ji na Baba ne sai da ya cire tabarau ya goge. Da ya durƙusa da awo, Baba ya dube shi ya ce, "Jirjis, shekara arba'in kana auna ni daga kafaɗa zuwa idon sawu. Yau kuma me kake nema a tsakanin ƙafafuna?" Duk shagon aka yi dariya, har shi. Ni ban yi ba.

Safwat, ka san me Baba yake da shi a akwati. Jallabiyar ulu baƙa wadda ya je Hajji ya dawo ya ɗinka, mai faɗin hannu, da farar ta ciki, da mayafin kashmir na kafaɗa, da rawanin da yake naɗawa in za a yi sulhu tsakanin gidaje. Da su ya zauna kusa da gwamna ranar buɗe makarantarmu, ba wanda ya ce ya yi ƙasa. In liyafar nan ta kowa ya sa mafi kyawun abin da ya mallaka ce, to Baba ya riga ya shirya tun ba a haifi kyaftin ɗin ba. Kuma Dakta Wajdi ya san daga inda ya zo neman aure. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Kwat ɗin dai an yanka, ba a mayar da yadi. Amma maganar rawani ka sake tunani. Ni 'yarsa ce, shekarata hamsin da biyu, ban taɓa ganin kan Baba a buɗe a gaban baƙo ba. Kai ma ba ka taɓa ba.

Ni ba ka tambayi abin da zan sa ba, na gode Allah. Baƙar abayata ce da sabon mayafi shuɗi, wanda bai so ba ya kalli kogi.

Yayarka,
Ni'imat


Kuwait, 31 ga Disamba

Yaya Ni'imat,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗin sauƙin gwiwar Baba. Bayana ya ɗan matsa mini a makon nan, amma na samu allura.

Maganar Shahata ta ɓata mini rai, Allah ya shirye shi da bakinsa. Ke ma kin san ba Baba nake nufi da kunya ba, ina nufin kada a yi ɗinkin banza ko a zo da takalmi mai ƙura. Amma da na karanta sauran sai hankalina ya kwanta. Kin ce da ƙafarsa ya je wurin tela, har yana zolayar Jirjis. To me ya rage? Baban da na sani in bai yarda da abu ba, gari duka sai ya ji. Tsohon ya fi mu fahimta, ke ce kike ɗaukar abin da zafi.

Yaya, ke ba ki zauna a Alƙahira ba, ni na zauna shekara biyar ina karatu. Ranar da Baba ya kawo mini zumar rake da burodi a ɗakin kwanan ɗalibai, ya tafi da la'asar, kafin isha an sa mini sunan da ya bi ni har na gama. Ƙaramin yaro a Alƙahira ya haddace barkwanci ashirin a kan mutumin Sa'id, wato mu 'yan kudancin Masar, da rawaninsa. Ba na cewa Dakta haka yake, mutumin kirki ne. Amma yana da mata, matar tana da 'yan'uwa, hoton nan kuma a falonsu za a rataye shi, Rihab ce za ta zauna a ƙarƙashinsa har ta tsufa. In ka je gari ka tarar kowa da jela, kai ma sai ka nemo ka ɗaura.

Rawani a kan kwat kuwa shi ne mafi muni. Wannan shigar ce masu wasan ban dariya ke yi a talabijin in za su kwaikwaye mu. Ko duka ko babu, kuma tunda an ɗinka, a yi duka.

Ki gaya masa bai yi asara ba. Ai akwai daren jallabiya. Nan ne zai fito da baƙar ulun da kashmir ɗin, ya nuna wa Turawa da mutanen Alƙahira yadda ake naɗa rawani. Wannan daren nasa ne, ɗayan na Rihab. An raba daidai.

Wannan takardar na sa adireshin makaranta.

Ƙanenki,
Safwat


Isna, 14 ga Janairu

Safwat,

Sallama. Kowa lafiya. Allah ya ƙara sauƙin baya, ka rage zama a kan kujerar ofis ɗin nan. A gajarce zan rubuta, gida a hargitse yake da shiri.

Ka ce Baba in bai yarda ba gari sai ya ji. Wannan in da baƙo ne. Yaushe rabon da ka ga ya yi wa ɗansa hayaniya a kan abin da ya taɓa zuciyarsa? Shiru ma magana ce, kai dai kana nesa ba ka ji.

Kwat ya fito. Shekaranjiya bayan azahar na wuce ta ƙofar ɗakinsa, ba a rufe take sosai ba. Yana tsaye gaban madubin Mama, Allah ya jiƙanta, cikin wando da kwat, rawanin a kan gado. Yana gwada zama a bakin gadon yana tashi, yana jan wandon a gwiwa yadda ya ga malaman makaranta suna yi. Ya kai hannu zai gyara rawani, hannun ya sauka a kan fatar kai. Na koma kicin a kan yatsun ƙafa, na yanka albasar da ba na bukata.

Rihab ta iso jiya daga jami'a. Da ta ji labarin ta ce Kaka ya sa abin da ransa ke so, ita ba ruwanta. Shi kuwa ya ja kunnenta ya ce ai dole ya yi ado, kada ɗan Alƙahira ya ƙwace masa amarya yana kallo. Suka yi ta dariya. Amma ba zan yi maka ƙarya don in ci gardama ba. Da ta ga kwat ɗin a rataye ta daɗe tana shafa shi, ta ce ɗinkin ya yi kyau, na ga kafaɗunta sun sauka kamar wadda aka sauke wa tulu. Ita ma tana tsoro. Kuma Baba ya ga abin da na gani.

Saboda haka ni na daina gardama. Ba zan iya ce masa kada ya sa ba, Rihab ba za ta iya ba. Kai kaɗai ka ɗaura wannan, kai kaɗai za ka kwance. Ranar ashirin da takwas za mu tafi Luksor. In kana da magana, ka yi ta da wuri.

Ni'imat


Kuwait, 26 ga Janairu

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Yau takardarki ta iso, ta kwana a hanya fiye da kullum. Na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune.

Na je ofishin waya sau biyu na kira shagon maƙwabcinmu Sabri, layin Isna ba ya shiga, na uku ya shiga ba wanda ya ɗauka. Na rasa lambar Dakta ta gida, ta asibitinsa kuwa an ce ya riga ya ɗauki hutu. Ga wannan zan ba da ita a aika da gaggawa, ko Allah zai sa.

Makon jiya mai kamfaninmu ya aurar da ɗansa a otal mafi girma a garin nan. Kakan ango ya shigo da doguwar rigarsa da alkyabbarsa da abin kansa, jakadu masu kwat suka miƙe tsaye. Ban yi tunanin komai ba a lokacin, na ci shinkafata. Sai da na karanta maganar hannun Baba da ya sauka a kan fatar kai, abin ya dawo mini.

Ki ce masa ya bar kwat ɗin a gida. Ya sa baƙar ulun da rawaninsa a liyafar kyaftin, ya zauna a kan tebur yadda ya saba zama a ko'ina. In gidan Dakta ba za su iya rataye wannan hoton ba, to gara mu sani yanzu. Ki gaya masa ni na ce, kuma ki gaya masa ya yafe mini.

Safwat


Isna, 9 ga Fabrairu

Safwat,

Sallama. Mun dawo lafiya, Rihab ta koma makaranta. Baba ƙafarsa ta yi kanta saboda takalmi, ina sa masa man zaitun. An karanta Fatiha, an sa biki bayan babbar salla a Alƙahira. Na fara da wannan don ka samu numfashi.

Takardarka ta gaggawa na tarar da ita a aljihun teburina a makaranta ranar da aka koma aji. Ihu bayan hari. Ban zarge ka ba, ban kuma zargi gidan waya ba. Ko ka ce in ba ka labari ko ba ka ce ba, zan ba ka, don ba zan ɗauki wannan ni kaɗai ba.

Mutanen kirki ne, wannan ka yi gaskiya. A bakin jirgi Dakta Wajdi ya riƙe hannun Baba da hannu biyu, ya karɓi jakarsa da kansa, yana ta Alhaji Abdussabur kaza, Alhaji Abdussabur kaza. Matarsa Madam Ihsan surutu ne da ita kamar rediyo, amma ba mugunta. Hazim yaro ne mai kunya, yana ja wa Baba kujera. Baba kuwa yana cikin jallabiyarsa ta kullum, ruwan ƙasa, yana nuna wa Dakta gonaki yana gaya masa wace ta sha ruwa wace aka yi wa rowa.

Da muka iso mashigar dam ɗin Isna jirgi ya tsaya jiran layi, sai ga 'yan kwalekwalen garinmu sun kewaye mu, suna jefo jallabiyoyi a leda har saman jirgi, Turawa suna cafewa suna ciniki da yatsu. Irin na yadin labule ɗin nan masu ƙyalƙyali da hoton raƙumi a ƙirji. Ɗan Umm Sabri na cikinsu. Ya ɗaga kai ya ga Baba, ya ƙwala, "Alhaji, kai ma ka zama Bature? In jefo maka ɗaya?" Baba ya ce masa ya jefo tarbiyyarsa in ya zo da ita. Ashe duk sayayyar nan ta daren jallabiya ce, wanda za a yi a wannan ranar bayan cin abinci.

Baba ya ɗauki abin da gaske, tunda ka ce darensa ne. Tun la'asar ya sa aka goge baƙar ulun. Ya naɗa rawanin ya warware ya sake naɗawa, ya yafa kashmir, ya shafa turaren Makka. Wallahi Safwat da ya fito sai da ƙirjina ya cika. Muka sauka zauren.

Abin da muka tarar wasa ne. Maza sun naɗa tawul ɗin wanka a ka, wani ya zana gashin baki da kwalli, wani ƙaton Bature ya sa ta mata yana karairaya. An ɗaura musu dankali da zare a ƙugu suna tsere, ana naɗe wasu da takardar banɗaki. Dakta da kansa ya sa wata mai ratsin zinariya yana dariyar kansa. Ba wanda ya yi don cin mutunci, nishaɗi suke yi. Baba ya tsaya a ƙofa, na ce mu koma, ya ce an gayyace mu.

Sai mai lasifika ya ce za a zaɓi wanda ya fi kowa iya shiga. Madam Ihsan ta tafa ta ce ai ga gwani a teburinmu, ta kama hannun rigarsa. Kafin in buɗe baki an jera shi a tsakanin mai tawul da mai gashin bakin kwalli. Ana nuna kowa ana tafi. Da aka zo kansa zauren ya ɗauka, fitilun hoto ta ko'ina. Wata tsohuwar Baturiya ta taɓa rawanin da yatsa ta sa a tambaye shi a wane kwalekwale ya saya. Shi ya ci. Aka ba shi ɗan gunkin kyanwa na dutse, ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, don bai iya karɓar kyauta ta wata hanya ba. Rihab ta sunkuyar da kai tana murza gefen mayafinta.

Da safe na same shi a saman jirgi yana kallon ruwa. Na kai masa shayi. Ya karɓa, sannan ya ce, "Ashe a wurinsu kayan nan nawa na wasa ne. Safwat ya fi ni sanin duniya."

Na ce ba haka ba ne. Ya ce in sha shayina.

Da ma ina da niyyar in roƙe shi a daren ƙarshe ya bar kwat ɗin ko da ba izininka. Bayan wannan ban ga fuskar yi ba. Da me zan ce ya koma zauren nan? Hazim ne ya ɗaura masa laktaye. Da aka gama Baba ya ɗaga hannu ya sauke rawanin da kansa, ya ninke ya sa a ƙarƙashin matashi.

Akwai abin da ba mu yi tunaninsa ba, ni da kai. Goshin Baba kala biyu ne. Daga gira zuwa tsakiya baƙin rana ne na shekara sittin a gona, daga nan zuwa sama fari sol, da layi a miƙe inda rawani ke tsayawa. A ƙarƙashin fitilun zauren ba abin da ake gani sai shi. Ya shiga a hankali saboda takalmi. Dakta ya duba ta bayanmu yana neman Alhaji, sannan ya gane, ya miƙe da sauri ya ce ma sha Allah, an rage wa Alhaji shekara goma, sai ka ce minista. Baba ya yi murmushi. Bai ci komai ba sai burodi, yana tsoron miya ta ɗiga a yadinka. Da aka zo Fatiha ya ɗaga hannuwa, muryarsa ba ta yi rawa ba, ya ba da jikarsa yadda ya kamata.

Bayan an ɗauki hoto Madam Ihsan ta raɗa mini cewa wannan kam zai yi kyau a falo, 'yan'uwanta za su yaba. Ka ga ba ka yi kuskure duka ba. Na so a ce ka yi, da na fi samun sauƙi. Ko da ya zo da rawaninsa za su fasa? Ban sani ba, kuma yanzu ba mai sani.

Ga kwafin hoton na sa maka a ciki.

Yayarka,
Ni'imat


Kuwait, 22 ga Fabrairu

Yaya Ni'imat,

Gaisuwa. Allah ya sa albarka a abin da aka ƙulla, Allah ya saka miki da alherin wahalarki. Yaya ƙafar Baba?

Hoton yana gabana. Abokin ɗakina ya gani ya taya ni murna, ya nuna Dakta ya ce wannan ne mahaifin naka ko. Na ce a'a. Ya tambaya wanne ne, na nuna masa, na shiga banɗaki na kulle.

Ba ni da doguwar magana. Ki ɗauki takardata ta ashirin da shida ga Janairu ki karanta wa Baba, duka, har da kwanan watan, don ya san kafin ku shiga jirgi na rubuta ta. Ki ce masa kwat ɗin a ba duk wanda ya yi wa daidai. Kamfani ya yarda da hutuna na biki, zan fara saukowa Isna kafin Alƙahira, mu tafi tare.

Safwat


Isna, 8 ga Maris

Ƙanena,

Sallama. Muna lafiya, ƙafar ta warke, ya koma zuwa gona da safe. An kusa gama saran rake. Na ji daɗin maganar hutunka, na fara kiwon agwagi saboda kai.

Na karanta masa, duka, da kwanan watan, har sau biyu don ya ce in maimaita. Ya saurara yana jan carbi. Ya ce Allah ya yi maka albarka, ba abin da ka yi masa da ke bukatar yafiya, kowane uba yana ji wa 'yarsa tsoro. Na yi murna, na ɗauka an wuce wurin. Maganar bayar da kwat kuwa ya ce a bari tukuna.

Ranar Juma'a aka yi ɗaurin auren jikar Shahata. Ka san Baba, shi ke fara isa irin wannan wuri. Na ga ya daɗe a ɗaki, na leƙa. Ya fito da baƙar ulun ya shimfiɗa a kan gado yana kallonta. Daga baya ya mayar da ita akwati, ya tafi da ta kullum.

Jiya da la'asar ina gyaran lalo a tsakar gida ya zo ya zauna kusa da ni. Ya tambayi yawan mutanen da za su zo bikin Alƙahira, da ko a otal za a yi. Na gaya masa abin da na sani. Sai ya ce, "In za ki rubuta wa Safwat, ki tambaye shi me zan sa ranar."

Na ce Baba, ai ka ji amsarsa, na karanta maka. Ya ce wannan ta jirgi ce, ki dai tambaye shi.

To ga shi na tambaye ka.

Yayarka,
Ni'imat